Minti 15 na farko: shirin ko-ta-kwana a tukunyar nukiliya ta bincike

A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka fi sani da CERT, akwai tukunyar nukiliya mai suna NIRR-1. Ƙirar ƙasar Sin ce, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kuwa bai wuce kilowat 30 da 'yan kai ba. Ba ta ba da wutar lantarki. Aikinta shi ne samar da nutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fita daga cikin ƙwayar zarra, da ake haska samfurin ƙasa, dutse, abinci ko ganye da shi domin a gano sinadaran da ke ciki. Ghana na da irinta a Kwabenya, kusa da Akara. A 2018 aka cire wa NIRR-1 tsohon makamashinta na yuraniyom da aka tace sama da kashi 90 cikin 100, aka mayar da shi Sin, aka sa mata wanda aka tace kashi 13.

Duk wanda ya ji "nukiliya" tunaninsa Chernobyl yake tafiya. Shirin gaggawa da aka gina a kan wannan tsoro kuwa yakan tanadi abin da ba zai faru ba, ya bar wanda zai faru. Hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta kasa wurare gida 5 gwargwadon girman haɗarinsu. Tukunyar da ta haura megawat 100 tana rukuni na 1, daga megawat 2 zuwa 100 rukuni na 2, wadda ba ta wuce megawat 2 ba tana rukuni na 3. Ma'anar rukuni na 3 ita ce: haɗari zai iya taɓa mutanen da ke cikin harabar, amma ba a sa ran ya kai ga kwashe unguwanni. Dalilin yana cikin ƙirar. Makamashin da ake sa wa irin wannan tukunya daidai-wa-daida ne, ta yadda ko an zare sandar kadmiyom guda ɗaya da ke sarrafa ta gaba ɗaya, ƙarfi zai tashi, ruwa ya yi zafi, zafin kuma ya rage kuzarin aikin da kansa. Idan sandar ta maƙale, ana iya harba kwalaben kadmiyom ta bututun iskar da ake tura samfuri, su shanye nutiron, tukunya ta mutu.

To me ake shiryawa? Samfuri ya maƙale a bututu ya daɗe yana shan nutiron. Kwalbar samfuri ta fashe a ɗakin gwaji, garinta ya watsu. Ruwan da ya rufe tukunya, wanda shi ne garkuwar masu aiki a samanta, ya ragu saboda yoyo. Wayar lantarki ta kama wuta kusa da ma'ajiyar abubuwa masu radiyeshin. Ma'aikaci ya faɗi ya karye alhali rigarsa ta gurɓata. Wani ƙaramin tushen radiyeshin ya ɓace daga ma'ajiya. Waɗannan su ne ainihin abin da lasisi yake tambaya a kai, kuma a Najeriya hukumar sa ido kan harkar nukiliya, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke da hurumin duba amsar.

Ƙa'idar duniya da ake dogaro da ita, GSR Part 7 ta IAEA ta 2015, ta kasa yanayin gaggawa na cibiyoyin nukiliya mataki 4, amma wuri mai rukuni na 3 biyu na ƙasa ne suka shafe shi: faɗakarwa, da gaggawar da ta tsaya a cikin cibiya. Abin da ake nema shi ne wanda ke bakin aiki ya iya cewa "wannan mataki kaza ne" cikin minti 15 da ganin alama. Wannan ba ya yiwuwa sai an rubuta ma'auni tun kafin ranar: idan na'urar da ke saman tafki ta nuna adadi kaza, idan ruwa ya sauka ƙasa da layi kaza, matakin kaza ne, babu muhawara. Kuma sai an ba shi ikon ayyanawa a rubuce. A nan ne shirye-shirye da yawa suke karyewa. Takarda ta ce darakta ne ke ayyana gaggawa, abin kuma ya faru ranar Asabar da dare, darakta yana hanyar Kaduna wayarsa ba ta shiga. A ganina duk shirin da bai ambaci mutum na biyu da na uku da za su riƙe ragama ba, bai cancanci sa hannu ba.

Bayan ayyanawa, tsarin ba shi da sarƙaƙiya. A kashe tukunya, a tabbatar ta mutu ta hanyar duba na'urar nutiron, kada a tsaya ga fitilar da ke cewa sanda ta sauka. A kashe fankar da ke fitar da iska idan ana zargin burbushi ya tashi. A buga jiniya, kowa ya fita zuwa wurin taruwa, a ƙirga mutane da littafin shiga na ranar. Cibiyar jami'a tana da wata matsala da tashar lantarki ba ta da ita: ɗalibai da baƙi masu bincike suna shiga suna fita, wanda bai sa hannu a ƙofa ba kuwa babu mai sanin yana ciki. Wurin taruwa ma a ware guda biyu. A arewacin Najeriya iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma, saboda haka filin da yake da aminci a Janairu shi ne hayaƙi zai nufa a Agusta.

Akwai bambancin da ya wajaba kowa a harabar ya riƙe, har mai gadi da mai shara. Radiyeshin ya ratsa mutum daban, burbushi ya manne masa daban. Na farko kamar jin zafin wuta ne, da ka matsa ya ƙare, ba ka tafi da komai ba. Na biyu kamar toka ce a riga, duk inda ka je da ita za ka. Wanda radiyeshin ya ratsa ba ya cutar da mai taɓa shi. Wanda ya gurɓata kuwa, tuɓe tufafin sama kawai yana raba shi da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke jikinsa. A sa kayan a leda, a ɗaure, a rubuta suna da lokaci. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu, ba a dirzawa da soso mai kaushi, domin fata in ta ƙuje burbushin ciki zai shiga. Ana fara wanke rauni, sannan ido da hanci da baki, sannan sauran jiki. Ma'aunin da IAEA ta ba masu kai ɗauki shi ne: idan na'ura ta nuna sama da maikurosibat 1 (ma'aunin yawan radiyeshin) a awa a tazarar santimita 10 daga fata, mutumin na bukatar wanki. Amma jini da numfashi suna gaba da wannan duka. Ba a jinkirta ceton rai don a auna riga.

Shinge kuma da lissafinsa. Ana kafa shi inda na'ura ta kai maikurosibat 100 a awa, wato kusan ninki 1,000 na abin da ake samu a fili a kullum. Kafin na'ura ta iso, ana ja da baya mita 30 daga tushen da garkuwarsa ta lalace, mita 100 idan abu ya zube da yawa, mita 300 idan akwai wuta ko hayaƙi. Nisa yana aiki fiye da yadda ake zato: ninka tazara sau 2, abin da ke isowa ya koma kashi 1 cikin 4. Shi ya sa ake ajiye dogon mantsi mai hannu da tukunyar dalma a kusa, kuma shi ya sa ba a ɗaukar samfurin da ya maƙale da yatsu komai gaggawa. Sau da yawa ma haƙuri ne maganinsa. Alminiyon da ya sha nutiron yana rasa rabin ƙarfinsa duk minti 2 da ɗan ƙari, manganis awa 2 da rabi, sodiyom awa 15. Rufe ɗaki a dawo gobe ya fi a tura mutum yau.

Na'urorin aunawa su ne inda mai duba lasisi da ya san aikinsa yake daɗewa. Yakan buɗe akwatin gaggawa ya duba takardar saiti, wadda ake sabuntawa duk shekara, ya duba batir, ya kusantar da ƙaramin tushen gwaji ya ga ko allura za ta motsa. Batir da aka bari a cikin na'ura wata da watanni a ɗaki mai zafi yakan tsiyaye ya cinye ƙarfen da yake taɓawa. Wasu tsofaffin na'urorin Geiger masu auna radiyeshin idan radiyeshin ya yi musu yawa sukan shaƙe su nuna sifili, shi ya sa ake kunna na'ura tun daga waje a shiga ana kallon yadda adadi ke hawa. Geiger kuma ba ta ganin nutiron, wannan sai na'urarsa ta daban. Bajon da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji ba ya magana sai an kai shi an karanta, don haka mai shiga wurin haɗari yana bukatar na lantarki mai ƙara. Akwai kuma ruɗin da iskar radon, mai radiyeshin da ke fitowa daga ƙasa, ke jawowa: matatar gwajin iska takan nuna adadi mai tayar da hankali da safe a ɗakin da ya kwana a rufe, in an sake aunawa bayan awa 4 sai a ga ya zube. Wanda bai san wannan ba zai tashi cibiya a banza, wanda ya saba da shi fiye da kima kuma wata rana zai raina na gaske.

Iyakar ma'aikaci a aikin yau da kullum milisibat 20 ce (milisibat 1 maikurosibat 1,000 ke nan) a shekara idan aka yi matsakaicin shekara 5, ta sauran jama'a milisibat 1. A lokacin gaggawa ba a so mai kai ɗauki ya haura 50, sai a yanayi na musamman irin ceton rai, inda aka yarda har kusa da 500, shi ma da amincewar mutumin bayan an faɗa masa haɗarin. Wannan bayani ba a tsaye bakin shinge ake yinsa ba. Tun a horo ake yi.

Mafi rauni a duk sarƙar shi ne mahaɗar cibiya da mutanen waje. A Tokaimura ta Japan, ranar 30 ga Satumba 1999, ma'aikata suka zuba ruwa mai ɗauke da yuraniyom kusan kilo 16 a tankin da iyakarsa kilo 2.4, abin ya kama aiki da kansa har kusan awa 20. Biyu daga cikin ma'aikatan uku sun rasu. Masu motar ɗaukar marasa lafiya da aka kira sun shigo ba tare da an gaya musu irin haɗarin ba, su ma radiyeshin ya same su, kuma sai da aka shafe sama da awa 4 kafin a fara kwashe mazauna mita 350 na kewaye. Wannan a ƙasar da ba ta rasa kayan aiki ba ke nan. Saboda haka ƙa'ida ta ce a yi yarjejeniya a rubuce da 'yan kwana-kwana, 'yan sanda da asibitin da zai karɓi majinyaci, a kuma shigo da su su ga ginin da idonsu: ina ma'ajiya take, wace ƙofa motar ruwa za ta bi, ina ruwan kashe gobara zai gangara, tunda shi ma zai iya gurɓata. Asibiti na bukatar sanin cewa safar hannu, takunkumi, rigar tiyata da shimfiɗa leda a ƙasa sun isa kariya, don kada tsoro ya sa a bar mai rauni a bakin ƙofa. Ma'aikatan asibiti da na kwana-kwana ana yi musu canjin wuri, don haka horon shekara 3 da suka wuce wataƙila babu ko mutum ɗaya da ya rage daga waɗanda suka halarta.

Atisaye ma iri-iri ne. Wanda aka sanar da ranarsa mako biyu kafin lokaci, kowa ya zo da sabon batir, yana gwada iya karanta takarda ne kawai. Mai amfani shi ne wanda aka yi bayan tashi daga aiki, aka ɗauke wuta da gangan don a ga ko na'urorin sa ido da jiniya za su ci gaba a kan batir kafin janareta ya tashi, aka kuma kira kowace lamba da ke jerin a ji ko mai ita yana nan a muƙaminsa. A sa mutum ɗaya da agogo yana rubuta lokacin kowane mataki. Abin da aka gano kuma a ba shi mai gyarawa da ranar kammalawa, domin mai duba lasisi zai ɗauko rahoton bara ya tambayi ina aka kwana.

Haɗarin tukunyar RA-2 a Ajantina, a Satumba 1983, ya nuna lokacin da ya fi bukatar ido. Ana sauya tsarin sandunan makamashi ba a gama zubar da ruwan da ƙa'ida ta ce a zubar ba, tukunya ta zabura, mai aikin ya rasu bayan kwana 2. Ba a lokacin gudanar da tukunya na kullum abin ya faru ba, a lokacin gyara ne. Duk ranar da za a buɗe saman tukunya, ko a ƙara farantin beriliyom mai mayar da nutiron cikin tukunya, ko a motsa makamashi, sai a rubuta mata shirin gaggawa nata na musamman, jami'in kariya daga radiyeshin ya tsaya a wurin daga farko har ƙarshe, a kuma sanar da asibiti da 'yan kwana-kwana tun da safe cewa yau akwai aiki.