Gyaran da ba ya fitowa a allo

Mu huɗu ne a kamfaninmu, sana'armu kuwa kwamfuta cikin kwamfuta: sabar ɗaya, wato babbar kwamfuta mai yi wa wasu hidima, mu raba ta ta ɗauki goma, kowace da tsarinta. Da QEMU muke aiki, manhajar da ke yin wannan rabon, wadda Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003.

Watan jiya wani Alhaji ya kawo mana sabar tasa, tsohon yayi, wai da an yi cunkoso sai ta kife. Yaron da ya fara kai wa, mai araha, dabararsa ita ce ya sa ta riƙa kashe kanta tana tashi kullum da asuba. Ya karɓi kuɗi!

Ciwon yana cikin Slirp, ɓangaren QEMU da ke haɗa kwamfutar ciki da intanet. Duk haɗin da ta buɗe, soket ne a uwar sabar, wato ƙofar shigar saƙo da fitarsa mai lambarta, akwai kuma zagaye guda mai leƙa su kamar maigadi yana bin ƙofofi, ya ga wa aka ƙwanƙwasa wa. Tsohon zagayen da select() yake, umarnin da ke yin leƙen, shi kuwa a Linux bai san lambar soket da ta kai 1024 ba. Ka ba shi ita, sai a yi rubutu a gonar wani cikin ƙwaƙwalwa. Masu QEMU sun koma g_poll(), wani salon umarnin poll da ba shi da wannan iyakar, tun 2013, amma ta Alhaji ba ta sami gyaran ba.

Muka bi kod ɗin layi-layi, muka cire tsofaffin jeren soket uku na select(), na karatu, na rubutu da na gaggawa, muka sa jere ɗaya, kowane soket ya riƙe gurbinsa. Inda ake gane gwani shi ne katsewar layi: select() yakan nuna ta kamar saƙo ne ya iso, poll kuwa alama daban yake ɗagawa. Ka manta da ita, haɗi ya mutu maigadi bai sani ba. Wannan a wurin maigidana na koya, a wata kafe, wanda in an ɗauke wuta yakan miƙo min kod a takarda ya ce in bi da biro.

Kwana tara muka yi. Muka buɗe haɗi 3000 a gaban Alhaji, ko gezau. Ya dubi allo ya ce, "To Malam, ni fa ban ga abin da ya canza ba, a rage rabi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, albarka." Har yanzu muna kan cinikin.