Waya a hannun baƙo a Ingila: takardu, karatu da aure

Mu da muka riga ku zuwa Ingila da bizar karatu, abin da muke fara tambayar sabon zuwa shi ne halin da wayarsa take ciki, tun kafin maganar ɗaki ko rigar sanyi. Katin zama na BRP ya ƙare aiki a ƙarshen Disamban 2024, yanzu izinin zamanka yana cikin asusun UKVI (hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya) ne a intanet, shi ne eVisa. Mai gidan haya ko mai ɗaukar aiki ba zai nemi kati ba, lamba zai nema, wadda shafin gwamnati yake kira share code. Haruffa da lambobi 9 ce, tana aiki kwana 90, kuma ta neman aiki daban take da ta neman haya. Kafin ka ciro ta sai an turo maka lambar sirri ta imel ko layin da ka yi rajista da shi. Nan ake samun matsala: mutum ya bari wakilin da ya cike masa takardu a Kano ko Abuja ya sa nasa imel ɗin, ranar da ake buƙata a neme shi a rasa. Ka shiga asusun ka mayar da imel da layi naka. In ka sabunta fasfo ka shigar da sabon, in ba haka ba ka sha tsaiko a filin jirgi.

Kada ka jefar da layinka na gida. Bankinka na Najeriya ta nan yake turo lambar tabbatar da biya, kuma layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba kamfani kan rufe shi ya sayar wa wani. Ka kunna masa damar aiki a ƙasar waje kafin ka taso, ka riƙa sa masa kati lokaci-lokaci. Waya mai layi biyu ta isa. Na nan kuwa, Lebara, Lyca ko giffgaff suna bayar da layi ba tare da yarjejeniyar shekara ba, wanda ya fi dacewa da wanda bai da tarihin bashi a ƙasar. A WhatsApp ka kunna matakin tsaro na biyu mai lambobi 6. Duk wanda ya kira ka ya ce daga ofishin shige da fice ko na haraji yake, ka biya tara yanzu ko a kore ka, ɗan damfara ne. Kashe wayar.

Karatu ma ta waya yake tafiya. Jadawali, darussa da sanarwa duk suna manhajar makaranta, kamar Moodle, Canvas ko Blackboard, malami ba zai bi ka da takarda ba. Imel ɗin makaranta a duba shi kullum, domin jami'a tana lissafin halartarka, kuma wajibi ne ta sanar da hukuma in ka ɓace. Aikin rubutu yana bi ta Turnitin, shafin gano satar rubutu, ya kwatanta shi da abin da ke intanet da ayyukan wasu ɗalibai. Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne taimakon zumunci: ka tura wa aboki aikinka ya ga tsari, ya kwafi sakin layi biyu, a kira ku duka gaban kwamiti. Lokacin miƙa aiki kuma na'ura ce ke rufewa, ba ta san intanet ta yanke ba. Ka ɗora da awa biyu a gaba, ka buɗe fayil ɗin ka tabbatar shi ne, ka adana rasidin.

Wurin da na fi jin tausayin mutane shi ne aure. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya iya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Don haka shekara guda ko fiye, zaman aure ya koma kiran bidiyo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Najeriya da Nijar suna gaban Ingila da awa ɗaya, sauran watannin agogo ɗaya ne. Bambancin kaɗan ne, aikin dare ne ke raba mutane. Maigida ya kwana a ma'ajiyar kaya ko gidan kula da tsofaffi inda ake hana riƙe waya, uwargida ta ga saƙonta ya shiga ba amsa, da asuba kuma ta gan shi a kan layi yana duba jadawalin bas. Daga nan zargi ke tsiro. Ku tura wa juna jadawalin mako, ku tsayar da lokacin kira guda wanda ba a sa masa komai. Idan intanet ɗin gida ta yi rauni, saƙon murya ya fi bidiyon da ke yankewa ana tsakiyar magana. Kuɗin data na uwargida ya shiga lissafin cefane, kada ya zama abin da sai ta roƙa.

Maganar kuɗi a yi ta a fili. Ɗalibi awa 20 kawai doka ta ba shi ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma haya ce ke cinye mafi yawan abin da ya samu. Dangi suna ganin hoto a gaban dogon bene, suna juya fam zuwa naira, sai buƙatu su yi yawa. Ka faɗa wa Hajiya da uwargida adadin da za ka iya turowa da ranar da zai shiga, ko ta manhajar tura kuɗi ta LemFi ko ta Sendwave, ka duba farashin canji a duka biyun kafin ka danna.

Rigima kuma kada a yi ta a rubuce. Rubutu ba ya ɗauke da murya, ana adana shi, ana tura wa 'yan'uwa, kuma malamai da yawa suna ƙirga sakin da aka rubuta a saƙon waya a matsayin saki. In rai ya ɓaci a bari sai an iya kira, in abin ya fi ƙarfin ku biyu a sa waliyyi ko wani babba a cikin kiran.