Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsohon Marini da Garinsa

Makon jiya na tsaya a inda muka amince da labarin: fim ɗin zane mai motsi na minti 5, a kan wani tsohon marini da jikarsa mai kai masa abinci karofi. Mu huɗu ne a aikin, kuma rabona shi ne in fitar da kamannin mutanen da na garin kafin a fara motsa komai. Muddin zanena bai zauna ba, sauran ukun zaman jira za su yi.

Da tsohon na fara. Daraktanmu ya ce, "Malam, kada ka kawo mini tsohon da kowa ke zanawa, gemu da sanda da carbi. Ina son wanda ko an ɗauke wuta zan gane shi." Gwajin inuwa yake nufi: a shafe zanen da baƙi ɗungurungum, ba ido ba hanci, a ga ko sura kaɗai za ta faɗi ko wane ne. Na cika takardu da ƙananan baƙaƙen tsofaffi. Wanda ya tsira shi ne mai ɗan ranƙwafawa saboda shekarun duƙawa a bakin rami, wando a naɗe zuwa gwiwa, hula ta zame gefe. Hannayensa na yi su sun fi ƙima girma da gangan, na kuma rina su shuɗi har wuyan hannu, domin labarin duka a hannun nan yake. Marina da yawa yanzu safar roba suke sawa, amma namu tsohon na da ne.

Rigima ta tashi a kan babbar riga. Akwai fitowar ranar Sallah, ni kuwa na zuba masa aska takwas cikakkiya, har da tambarin baya. Yaron da ke motsa zanen ya duba ya ce, "Yaya, ka yi lissafi kuwa?" Fim hoto 24 yake ci a daƙiƙa ɗaya. Mu muna zana 12, kowane ya fito sau biyu, wato minti 5 zai iya cin zane 3,600. Duk ɗinkin da na ƙara, shi zai maimaita shi, kuma in layi ɗaya ya goce sai a ga aikin yana rawa a ƙirjin mutum. Muka daidaita a kan aska biyu, ita ma a taƙaice. Har yau ina jin rigar ta rage kwarjini, amma ba ni zan kwana a kanta ba. Yarinyar ba ta ba ni wahala ba: ɗankwali ya rufe kitso, na bar mata ƙulli ɗaya a ƙeya mai lilo in tana gudu. Kowannensu na zana shi ta gaba, ta baya da ta gefe, na auna tsayi da kai, tsoho kai 6, ita kai 4, don kada ta girma tsakanin wannan fitowa da waccan.

Garin ne ya fi cin rai. Idan ka nemi hotunan tsohon birni a intanet, abin da ke fara fito maka na Maroko ne ko na Masar, shi ya sa za ka ga ɗan Kano ya zana Kano da ƙofofin Larabawa. Sai na ɗauki littafi na nufi marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda tarihinta ke komawa 1498. Abin da hoto bai taɓa nuna mini ba shi ne, yadi ba shuɗi yake fitowa daga rami ba. Kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya juye a gaban idonka, a sake tsomawa, a sake ɗagawa. Wani dattijo ya leƙa littafina ya ce, "Ɗana, ruwan nan naka matacce ne. Ruwan baba mai rai kumfa gare shi." Na sake duban ramin, ga kumfa kuwa a sama tana wani ƙyalli kamar jan ƙarfe. Daga baya sauyin launin nan ya zama fitowar da ta fi kowace kyau a fim ɗin, alhali babu shi a rubutun farko.

Bango kuma Gidan Makama da lungunan Kurmi suka koya mini shi. Ginin tubali gindinsa kauri, yana sirancewa zuwa sama, kusurwarsa a murje take saboda hannu ne ya yi yaɓen. Zanko a saman soro, indararo ya leƙo, azara a rufin zaure. Na ajiye rula gaba ɗaya, domin miƙaƙƙen layi ɗaya ya isa ya mai da soro ginin siminti. Darakta ya so a share wayoyin lantarki da rufin kwano mai tsatsa, na ƙi. Garin da ba waya ba kwata, ba kowa ke zaune a cikinsa ba.

Launi na ƙarshe. Na zaɓi lokacin hunturu, hazo ya dusashe komai, jar ƙasa da ruwan toka, na hana shuɗi shiga ko'ina sai hannun tsoho da yadin da ke shanya. Ko sararin sama ban ba shi ba. A Krita na yi fentin, manhaja ce ta kyauta, ina yi ina adanawa saboda halin wutarmu.

Da na jera zanukan a bangon ofis, darakta ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ina gidan yarinyar yake. Babu wanda ya taɓa rubuta mata gida. A nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.