Rajaz ɗin da Kawu ya ji, ni ban ji ba

Wata yarinya da na koyar a sakandare ta aiko mini da saƙo kwanan baya. An ba ta gurbi a sashen Turanci, kuma cikin darussan da za ta ɗauka akwai adabin zamananci, wanda malamanmu a nan Sudan suke kira hadasa. Ta ce, "Ustaz, an ce shi ne mai kayar da mutane. Me zan haddace?" Tambayar ta taɓa ni, domin da irinta na baro Mai Wurno na shiga jami'a a Kartum, shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Allo ya ba ni ƙarfin hadda, na kuwa ɗauka ba abin da zai gagare ni. Amsar da zan ba ta ita ce wannan, kuma da ku nake duka, ƙannena masu shirin wannan karatu.

Ku fara sanin cewa zamanancin da ake nufi ba duk sabon abu ba ne. Suna ne na wani yunƙuri da marubutan Turai da Amurka suka yi tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa wajen Yaƙin Duniya na Biyu. Shekarar da za ku riƙa ji kullum ita ce 1922, don a cikinta James Joyce ya fitar da Ulysses a birnin Faris, T. S. Eliot kuma ya fitar da doguwar waƙarsa The Waste Land. Na haɗa Turanci da Larabci a karatuna, saboda haka na gamu da abin ta fuska biyu, kuma ta kowace fuska sai da na yi tuntuɓe.

Tuntuɓen farko muzakkira ce ta jawo shi. A bakin ƙofar jami'a akwai shagon da ake ɗaukar hoton takardu, inda za ka sayi taƙaitaccen bayanin kowane littafi a shafi goma ko goma sha biyu. An sa mana Mrs Dalloway na Virginia Woolf, wanda ya fito a 1925. Na buɗe shi, na yi shafi huɗu, na rasa wa ke magana, na rufe. Na sayi muzakkira, na zauna gindin dogon yaro wajen mai shayi na haddace ta tas. Na san labarin yini guda ne a Landan cikin watan Yuni, na san Clarissa tana shirin liyafa, na san akwai wani soja mai suna Septimus da yaƙi ya taɓa wa hankali. Na kuma haddace ma'anar salon da ake kira kwararar tunani, kalma bayan kalma.

Ranar jarrabawa sai Duktura, malamar darasin, ta ciro sakin layi guda daga tsakiyar littafin, ta ce mu nuna a zuciyar wa muke a kowace jimla, kuma a wace kalma aka sauya. Ban taɓa ganin sakin layin ba. Na juye mata abin da na haddace, shafi uku cur. Sakamako ya fito, na faɗi, sai mulhak, wato jarrabawar gyara. Da na je ofishinta ba ta yi mini faɗa ba. Ta duba takardata ta ce, "Ya ibni, ka faɗa mini sunan kogin da tsawonsa, amma ban ga ƙafarka ta jiƙe ba."

Hutun nan ban je gida da wuri ba. Na zauna a ɗakin kwanan ɗalibai da littafin da fensir, shafi biyar kawai a yini, ina karantawa a bayyane kamar mai tilawa. Duk inda na ji tunani ya bar kan wani ya koma kan wani, sai in ja ɗan layi a gefe. A kwana na uku na iso wurin da wata mota ta yi ƙara a titi, kowa ya waiwaya. A nan idona ya buɗe. Marubuciyar ta yi amfani da ƙarar motar kamar gada: muna cikin kan Clarissa a shagon furanni, ƙarar ta fitar da mu titi, ta ratsa da mu ta kan masu wucewa, ta ajiye mu a kan Septimus da ke tsaye yana jin duniya za ta kama da wuta. Can gaba jirgin sama ya zo yana rubuta haruffa da hayaƙi, kowa na karanta abin da ya ga dama, aka sake yin wata gadar. Agogon Big Ben kuma yana bugawa lokaci-lokaci, yana tara kowa ƙarƙashin sa'a ɗaya. Clarissa da Septimus ba su taɓa haɗuwa ba har littafin ya ƙare, amma labarin mutuwarsa ya iske ta a tsakiyar liyafarta. Ba muzakkirar da za ta sa ka ji nauyin wannan isowa. Sai ka yi yinin nan tare da su biyun.

Don haka ku karanta littafin da kansa, a hankali, tun makon farko, ba a fafe gora ranar tafiya. In kun rasa wa ke magana kada ku rufe, ku ci gaba shafi biyu, sannan ku dawo. Ruɗewar nan ba gazawarku ba ce, da gangan aka gina ta. In an sa muku Joyce, ku fara da gajerun labaransa na Dubliners, na 1914, kafin ku tunkari babin ƙarshe na Ulysses inda kusan babu aya ko waƙafi.

Tuntuɓe na biyu ya fi yi mini ciwo, don ba maki ya ci mini ba, ladabi ya ci.

A shekara ta uku muka shiga waƙar Larabci ta zamani. Aka koya mana cewa a 1947 Nazik al-Mala'ika ta Bagadaza ta yi waƙa a kan annobar kwalara da ta auka wa Masar, kuma a daidai wannan lokaci Badr Shakir al-Sayyab, ɗan ƙauyen Jaikur kusa da Basra, shi ma ya fita daga tsarin baiti mai rabi biyu da ƙafiya ɗaya. Aka ambaci mujallar Shi'r da Yusuf al-Khal ya kafa a Beirut a 1957. Abin ya shiga kaina ta baibai. Na fahimci cewa kari da ƙafiya sarƙa ne, waɗannan mutane kuma sun tsinke ta sun yar. Darasin aruli, wato ilimin auna karin waƙa, na daina zuwa, ina ganin kayan tsofaffi ne.

Da na je gida hutu, na iske Kawu, yayan mahaifiyata, a rumfarsa bayan la'asar, almajirai sun tashi. Shekara arba'in yana karantar da Alfiyyar Ibn Malik, littafin nahawun Larabci da aka tsara a waƙe, kuma yana rera waƙoƙin Shehu da na Nana Asma'u daga takardun ajami da kakanninmu suka taho da su bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya tambaye ni me muke karantawa. Na gaya masa, na kuma ƙara da cewa zamanin ƙidayar ƙafafun waƙa, wato ma'aunan karinta, ya wuce, yanzu mawaƙi 'yantacce ne. Bai ce komai ba. Ya ce in karanta masa ɗaya daga cikin waƙoƙin 'yantattun. Na ciro waƙar ruwan sama ta Sayyab, wadda ta ba diwaninsa na 1960 suna, na soma.

Ban kai ɗango na uku ba na ga yatsansa yana bugun ƙafar angarib, gadon igiyar da yake zaune a kai. Ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai wannan Rajaz ne. Mustaf'ilun, mustaf'ilun. Karin Alfiyya ne, wanda kake ji a rumfar nan tun kana rarrafe." Ya sa na ci gaba, yana bugawa, yana nuna mini inda ɗango ya ɗauki ƙafafu da yawa da inda ya ɗauki kaɗan, har muka zo inda mawaƙin ya bar kalmar ruwan sama ita kaɗai a layi, sau uku a jere. Kawu ya tsayar da yatsa. Ya ce, "Ka ji? Ya yanke numfashin ne don ka ji ɗigowar. Wannan mutum ya san aruli fiye da malamai da yawa da na sani. Kai fa, yanka mini ɗangon farko." Ban iya ba. Na yi wata shida ina yabon waƙar a gaban abokai, ban taɓa jin karin da take tafiya a kai ba.

Abin da Nazik da Sayyab suka yi ke nan: sun riƙe ƙafar da Khalil ibn Ahmad ya tsara tun ƙarni na 8, suka saki yawan ƙafafun da ɗango zai ɗauka, suka bar ƙafiya ta zo inda ma'ana ta kira ta. Ita Nazik ma littafi guda ta rubuta a 1962 tana kafa wa sabuwar waƙar dokoki. Haka abin yake ga Turawan. Joyce a kan tsohuwar waƙar Homer ta Girka ya ɗora Ulysses, yawon yini guda na wani mutum a Dublin, ranar 16 ga Yuni 1904. Eliot a 1919 ya yi maƙala yana cewa mawaƙi ba ya tsayuwa sai da sanin matattun da suka gabace shi, kuma waƙarsa cike take da muryar Dante da Shakespeare. Wanda bai san tsohon ba ba zai ga inda aka karya shi ba, balle ya gane dalili. Ni kuwa ina da malamin tsohon a gidanmu, kyauta, na tsallake shi na je ina yi masa wa'azi. Na ba shi haƙuri a daren, ya ce ba komai, amma har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Akwai kuma tarihi, wanda na ɗauka na 'yan wani sashe ne. Ruwa ba ya tsami banza. A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, farkon gumurzun Somme a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojan Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu. Mutanen da suka ga irin wannan ba su yarda kuma a ba su labari mai kai da gindi a shirye ba. Eliot ya buɗe waƙarsa da kiran Afrilu wata mafi mugunta, abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, tunda mu Afrilu zafi ne da ƙura. A wurinsu lokacin tsiro ne bayan sanyi, kuma nufinsa shi ne tsiron yana tono tunanin da ƙanƙara ta binne, yana tilasta wa mai makoki ya ga duniya ta ci gaba ba da mamacinsa ba. Na fahimci wannan da kai tun ina ɗalibi. Da zuciya kuwa sai bayan 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, da faɗa ya ɓarke a Kartum muka baro Umdurman zuwa Gadarif, littattafaina duk suna can. A unguwar da muka sauka akwai wani saurayi da in babur ya yi ƙara sai ya durƙusa ya rufe kai. Na ga Septimus da idona, yana jin Hausa. Ku da kuka taso cikin wannan hali, ba na yi muku murna da shi, amma kada wani ya ce muku wannan adabi na wasu ne can nesa.

Kada kuma ku ɓoye gida. A aji ina jin kunyar a san ni Bahaushe ne, ina gyara Larabcina don kada a ji harshena. Ga shi kuwa waƙar Eliot tana tsalle daga Turanci zuwa Jamusanci, Faransanci, Italiyanci, Latin, ta rufe da Sanskirit, abokan karatuna suna ta kuka da ita. Ni da na tashi a gidan da jimla ɗaya kan fara da Hausa, ta ratsa Fulatanci, ta ƙare da Larabci, na fi kowa cancantar gane yadda mutum kan rayu a tsakanin harsuna, amma ban taɓa ɗaga hannu na faɗa ba. Muhammad Abd al-Hayy, ɗaya daga mawaƙan Sudan da ake kira 'yan daji da sahara, ya san adabin Ingila ciki da bai, amma da zai yi babbar waƙarsa sai ya sa mata suna komawa Sinnar, garin da ke maƙwabtaka da namu. A littafin labarin Tayeb Salih, marubucin Sudan, na 1966 kuma, idan aka buɗe ɗakin sirrin Mustafa Sa'id, ɗan Sudan da ya yi karatu a Ingila, littattafai ne har rufi, ba ko ɗaya na Larabci, Alƙur'anin da ke ciki ma fassarar Turanci ce. Ku karanta wannan shafi sau biyu kafin ku shiga aji.

Wasu iyaye kan ji tsoron kalmar hadasa, suna ganin za ta raba yaro da addininsa. Kada ku yi musu dariya, akwai yanke ƙauna da yawa a waɗannan littattafai, kuma ni kaina na yi shekara guda ina rubuta waƙoƙi masu duhu da ba nawa ba, don kawai in yi kama da su. Karanta mutum daban, bin sa daban. Ku zauna ku nuna wa iyayenku abin da kuke karantawa, kamar yadda tilas ta sa na nuna wa Kawu.

Sauran hutun nan kullum bayan la'asar ina rumfarsa. Ya fara mini da karin Rajaz, ya wuce karin Kamil, ya wuce karin Mutadarak, yana sa ni in buga da yatsa kafin in rubuta. A mako na uku ya ce in sake kawo masa waƙar ruwan saman, wannan karo ni zan buga, shi ya saurara. Ya rasu shekaru tara da suka wuce, Allah ya jiƙansa da rahama. Yarinyar da ta aiko mini da saƙo, na san kakanta na wajen uwa yana karantar da Alfiyya a Kasala. Na ce mata kafin ta tafi ta je ta yi mako biyu a gabansa, ta tafi da fensir, ta kuma tafi da waƙar Sayyab a jakarta.