Daga Addis Ababa: in tukunya ta tafasa, a rage mata wuta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, iyayenmu mata da yayye da ƙanne, ya gida ya yara, ya kuma fama da tsadar gas da gawayi? Gaisuwa daga Addis Ababa ta ƙasar Habasha, inda nake ɗan aikina na gyaran firji da na'urorin sanyaya ɗaki. Magana ce ta kicin zan yi yau, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa mai gyaran firji da tukunya, toh ai duk abu ɗaya ne, mu aikinmu kullum kenan, ruwa ya koma tururi, tururi ya dawo ruwa.

Garin nan a kan tsauni yake, sama da mita 2,300 daga gaɓar teku, shi ya sa baƙo in ya zo ya hau bene sai ka ga yana haki kamar ya yi gudu. Iskar nan ba ta da nauyin ta ƙasa, matsinta bai wuce kashi uku cikin huɗu na matsin da ke bakin teku ba, kuma wannan matsin shi ne yake danne saman ruwa ya hana shi tashi. Da ya ragu sai ruwan ya samu sauƙin tafasa. A Legas ruwa na tafasa a digiri 100, a Kano wajen 98, a Jos da ke sama da mita 1,200 wajen 96, mu nan kuwa a 92 ya gama. Za ka ga tukunya na ta ɓararraka, tururi ko'ina, amma waken da ke ciki na nan da taurinsa, balle ganda ko ƙafar saniya, wannan sai dai ka ɗora ka tafi harkarka. Mutanenmu da suka zo nan aiki da yawa sai su ɗora wa waken laifi, wai na Habasha ba ya nuna. Waken lafiyarsa ƙalau, ruwan ne bai kai zafin da suka saba ba.

Toh ga inda nake so ku saurara, domin wannan ya shafi kowa ko a Zinder kake ko a Kumasi. Ruwa in dai ya fara tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya, wallahi ko icen duniya za ki tura a murhun zafinsa ba zai ƙaru ba, yana nan a digirinsa har sai ɗigon ƙarshe ya ƙafe. Ina wutar take tafiya? Tana tafiya ne wajen mai da ruwan tururi. Wani malami a Jami'ar Glasgow, Joseph Black, shi ya fayyace wannan tun wajen 1762, zafi ne da yake shiga abu ya canja masa kama amma ma'aunin zafi ba ya nuna shi. Kuma ba ƙarami ba ne. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga sanyin ƙanƙara har ta kai tafasa na cin kusan kilojul 420 (kilojul ma'aunin yawan zafin da aka zuba ne), amma mai da wannan litar tururi na cin kusan 2,260, ya ninka sama da sau biyar kenan. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara ma 334 ne kawai. Saboda haka Hajiya duk sanda kika ce wa yarinya ta ƙure gas don naman ya yi saurin dahuwa alhali ruwan ya riga ya tafasa, kuɗin Alhaji ne yake fita ta taga, naman ko a jikinsa. A rage wutar ta dinga ɓul-ɓul a hankali, a rufe da murfi mai kama baki, lokacin dahuwar kusan ɗaya ne, kuma ba sai an yi ta ƙara ruwa ana sake jiran tafasa ba.

In ana so ruwa ya wuce wannan iyakar babbar hanyar ita ce a ƙara masa matsi. Abin da tukunyar furesha take yi kenan, tana tsare tururin a ciki, matsin ya hau, ruwan ya kasa tafasa sai ya kai kusan digiri 120, shi ya sa gandar da za ta ci rabin yini take laushi kafin a gama jajjage. Ba sabon abu ba ne ma, wani Bafaranshe Denis Papin ya ƙera irinta tun 1679 yana dafa ƙashi har ya yi laushi. Ni dai a ganina ita ce ya kamata ta shiga kayan ɗakin amarya kafin wasu kwanukan da sai dai a jera a yi ta kallo. Sai dai don Allah kar a buɗe ta da ƙarfi kafin ta huce, ruwan da ke ciki ya wuce 100, da zarar matsin ya sauka lokaci guda zai tashi ya watso. Direbobi ma abin da ke ƙona musu fuska kenan in suka kwance murfin lagireto mota na zafi.

Kuma wannan ɓoyayyen zafin ba ɓata yake yi ba, tururi na ɗauke da shi, duk inda ya sauka ya koma ruwa sai ya sauke shi gaba ɗaya. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, shi ya sa kuma dambu da alkubus suke nuna a madambaci ba tare da sun taɓa ruwa ba. Randa kuma ta ɗayan gefen take aiki, ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, kuma ba zai bi ba sai ya kwashi zafi daga na ciki. Malam Mohammed Bah Abba da ya koyar a Jigawa a kan wannan ya gina tukunyarsa, ƙarama a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir da gauta su kwana biyu ba su lalace ba, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ta fi aiki da bazara da hunturu lokacin da iska ta bushe, da damina kam kar ku ga laifinta.

Sai tukunyar gas, wadda ita ce ta fi damuna. Ku ɗan girgiza ta a hankali za ku ji abu na motsi, ruwa ne a ciki, an matse gas ɗin ne har ya koma ruwa, kuma duk sanda kuka kunna risho yana tafasa ne a cikin ƙarfen ya ba ku iskar da kuke ƙonawa. Zufar da kuke gani a jikinta in an daɗe ana girki ba yoyo ba ne, sanyin wannan tafasar ne ya jawo raɓa, kuma inda raɓar ta tsaya nan ne kusan iyakar ruwan. Muddin akwai sauran ruwa a ciki matsin bai cika canjawa ba, yanayin zafin wurin yake bi, saboda haka ɗan agogon nan da ake sayar muku wai yana nuna sauran gas zai yi ta nuna lafiya lau har sai ana gab da ƙarewa, ranar da baƙi suka zo. Sikeli ne kawai mai faɗin gaskiya, ku sa a auna muku a gabanku, a cire nauyin tukunyar da ke rubuce a jikinta. Kar ku yarda a cika ta maƙil wai an yi muku gyara, ana barin wajen kashi 20 cikin 100 ne da gangan don ruwan ya samu wurin kumbura in rana ta buga. Kar a ajiye ta a rana ko kusa da murhu, kar a kwantar da ita ana girki, in an kwantar ruwan ne zai bi tiyo maimakon iskar, wutar kuma ta fi ƙarfin mai girki.

A gaida mutanen gida duka, a gaida su Inna da kyau. Wanda zai taho nan cikinku ya taho min da daddawa da kuka, barkono kam akwai shi a nan har ya yi yawa.

Naku,
ɗan uwanku a Addis Ababa