Daren da na fassara fim ɗin jirgin ƙasa a Gusau

Bayan sallar isha'i muka ɗaura farin ƙyalle a bangon gidan wani maƙwabcinmu a Gusau, muka ta da janareta. Fim ɗin Snowpiercer ne, na Bong Joon-ho ɗan Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2013. Ni ne mai fassara, ina tsaye a gefe riƙe da lasifika.

A fim ɗin, an watsa wani sinadari a sararin sama don rage zafin duniya, sai ko'ina ya daskare. Waɗanda suka tsira duk suna cikin jirgin ƙasa guda, shekara 17 yana zagaya duniya bai tsaya ba. Masu hali na gaba, da lambunsu da makarantar 'ya'yansu. Talakawa kuwa an cusa su a wutsiya, ana miƙa musu wani baƙin curi, wanda daga baya suka gano da kyankyasai ake yin sa.

Na kwana biyu ina rubuta bayani kan jari-hujja, shi ya sa nake ta dakatar da fim ina sharhi. Karo na uku wani matashi ya ce, "Yaya, don Allah bar mu mu gani da idonmu." Na naɗe takardar. Gaskiyarsa ce, mutanen da ke zaune a tabarmar nan sun riga ni sanin wutsiyar jirgi.

Can kusa da ƙarshe, aka ɗaga murfin ƙasan injin, ga ƙaramin yaro a takure tsakanin ƙarafa. Wani dattijo daga ƙasar Anka, wanda rashin tsaro ya koro shi Gusau, ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Yaron nan me yake yi a ciki?"

Na ce, "Baba, wani ƙarfe ne ya lalace, babu irinsa, sai suka sa yaro a madadinsa."

Ya yi shiru, sannan ya ce shi Bagega ya gani, wani ƙauye a ƙasar Anka. A 2010, lokacin gubar dalma, duwatsun zinare a tsakar gida ake daka su, ƙurar mai ɗauke da dalma ta sauka a kwanon tuwo da inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. "Zinaren ya yi gaba," in ji shi, "mu aka bari da haƙa ƙananan kaburbura." Ban iya fassara minti biyar ɗin da suka biyo baya ba, muryata ta ƙi fita.

Abin da ya fi ta da gardama shi ne tsohon da ke jagorantar talakawa, wanda mai injin ya ce tun farko bakinsu ɗaya. Wasu suka ce ƙarya ce aka shirya don karya zuciyar masu bore, wasu suka rantse sun ga irinsa da idonsu lokacin zaɓe. Man janareta ya ƙare, suka ci gaba da musu da hasken waya.

Mako mai zuwa za mu sake nunawa don mata, da yamma. Abin da 'yan wasa suka faɗa kawai zan fassara, kuma na roƙi Baba ya zo ya zauna a gaba.