Abin da ya hana kwamfutar shagon Baffa kwafe lissafi duk sanda aka sake kunna ta

Baffana yana da shagon taki da maganin feshi da irin shuka a babbar kasuwar Gombe, kuma duk wanda ya san harkar nan ya san rabinta bashi ne. Manoma daga Kumo, Dukku, Bajoga har Billiri su zo farkon damina su ɗebi buhunan yuriya da NPK, sai kaka in an sayar da wake da riɗi a zo a biya. Duk wannan lissafin yana cikin wata tsohuwar desktof ƴar gwanjo mai Windows 10 da ke ajiye ƙarƙashin kanta. Wanda ya haɗa mishi ita tun farko gaskiya ya yi tunani, ya rubuta ɗan fayil ɗin umarni na .bat da ke yin bakof, wato kwafe foldar lissafi zuwa had disk na waje, da robocopy, umarnin Windows na kwafe fayiloli, ya ba wa Task Scheduler, manhajar Windows mai tayar da ayyuka a lokacin da aka sa mata, ya riƙa tayar da shi duk awa. To matsalar ita ce in aka taɓa aikin da hannu ya tashi, sai ya yi ta yi lafiya lau har yamma, amma da zarar kwamfutar ta mutu an sake kunnawa shikenan, shiru kake ji. Kuma a shagon nan mutuwar kwamfuta kullum ne, tun duhun da aka sha a 2024 lokacin da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe Baffa ya sa ƴar sola, amma baturan sun fara gajiya, in hadari ya rufe rana ko aka kunna fanka biyu da firji infata sai ta yi ƙara ta yanke.

Ni ban ma je don wannan ba, firinta na je dubawa, sai nace bari in leƙa had disk ɗin, na tarar fayil na ƙarshe tun kafin a fara ruwa sosai aka kwafe shi, alhali ana tsakiyar ba da bashi. Na buga taskschd.msc na buɗe Task Scheduler, aikin yana nan an rubuta "Ready" a gabanshi kamar ba abin da ya faru. Na danna mishi "Run" ya kwafe komai cikin daƙiƙu. Wannan dannawar kam ita ce ke ruɗin mutane, don abin da take nuna maka kawai shi ne fayil ɗin .bat bai lalace ba, ba ta gaya maka komai game da ko zai tashi da kanshi gobe da safe lokacin da ba ka nan.

Abu na farko da na yi ba gyara ba ne, kunna tarihi ne. Task Scheduler yana zuwa da tarihinshi a kashe, sai ka je gefen dama ka danna "Enable All Tasks History" sannan zai fara rubuta yaushe ya tayar da aiki, yaushe ya kasa, da lambar dalili. Sannan na ƙara layi ɗaya a saman fayil ɗin, echo %date% %time% >> C:\bakof\tarihi.txt, yadda duk sanda ya tashi zai bar sawu da kwanan wata da lokaci. Wannan ɗan layin ya fi komai yi min amfani wallahi, gaba za ku ga dalili.

Dalili na farko a fili yake. A shafin General an zaɓi "Run only when user is logged on" kuma da akawun ɗin Baffa aka yi aikin. Shi kuma yaron kanta yana da nashi akawun, kuma shi ne ke buɗe shago da safe, Baffa sai wajen sha ɗaya yake isowa, wani lokacin ma ba ya taɓa kwamfutar sam. To in yaro ya kunna ya shiga da nashi, a wajen Windows mai aikin bai zo ba, don haka ba aiki. Task Scheduler kamar ɗan aike ne mai gaskiya amma marar dabara, in kace mishi ya kai saƙo in Alhaji na nan, ko gidan na cin wuta ba zai ba wa kowa ba sai Alhaji. Zaɓi na biyu shi ne "Run whether user is logged on or not", amma shi yana neman fasuwod, kuma akawun ɗin Baffa ba shi da fasuwod ko kaɗan, Windows kuma ba ya yarda a yi irin wannan da akawun marar fasuwod. In ka sa fasuwod ma akwai wani tarko a gaba, ranar da aka canza shi aikin zai tsaya cak, a tarihi za ka ga lamba 2147943726, ma'anarta sunan mai amfani ko fasuwod ba daidai ba. Ni na san Baffa, wata rana jika zai zo ya canza mishi ba wanda zai tuna da wani bakof. Sai na danna "Change User or Group" na rubuta SYSTEM, wato akawun ɗin Windows ɗin da kanshi. Shi ba ya buƙatar fasuwod, ba ruwanshi da wa ya shiga wa bai shiga ba. Ga aikin kwafe fayil daga diski zuwa diski a kwamfuta ɗaya ya wadatar. Amma fa ku sani, aikin da ke gudu ta wannan hanyar ba ka ganin baƙin akwatin nan ya fito a sikirin, a ɓoye yake yi, kuma ba ya ganin harafin diski irin Z: da aka jona ta netwok a akawun ɗin wani, in bakof ɗinka wata kwamfuta yake zuwa sai ka rubuta cikakken adireshinta mai farawa da \\ kuma ka tabbatar an ba da izini a can.

Na biyu shi ne lokaci. Tirigar aikin, wato abin da ke tayar da shi, an sa ta kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe sannan ta riƙa maimaitawa duk awa. Waye ke kasuwa bakwai da rabi da kwamfuta a kunne? Lokacin da za a kunna ta an riga an wuce. A shafin Settings akwai akwati "Run task as soon as possible after a scheduled start is missed" kuma ba ya zuwa a cike, sai ka cika da kanka. In ka cika kar ka zauna kana jira ya tashi nan take, Windows na jinkirta irin waɗannan ayyukan da aka rasa kamar minti goma bayan an kunna, mutane da yawa a nan suke cewa bai yi ba su sake hargitsa setin. Ni dai ban tsaya a nan ba, na ƙara tiriga ta biyu "At startup", na sa mata jinkirin minti biyar don had disk na waje ya gama farkawa, ita ma na sa ta maimaita duk awa ba iyaka. Na yi ristat, na sha shayi, na dawo na buɗe tarihi.txt ga sabon layi. Nace wa Baffa an gama, yace Allah yi albarka, na hau mashin na tafi.

Anan ne abin ya zama abin dariya. Da na koma na duba ɗan fayil ɗin sai naga wasu ranakun ya yi aiki wasu ranakun bai yi yadda ya kamata ba, ba tsari. Na zauna da yaron kanta nace faɗa min yadda kake rufe shago. Yace Hamma ni fa yadda ka koya min nake yi, "Shut down" nake dannawa in jira ta mutu, sai dai ranar da infata ta riga ni. Muka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, ashe ranakun da wuta ta yanke kwamfutar ta mutu da ƙarfin tsiya, washegari tirigar "At startup" na tashi lafiya, ranakun da yaro ya kashe ta cikin ladabi kuma ba ta tashi. Wato ranar da ya yi daidai ita ce ranar matsala.

Dalilin shi ne wani abu da ake kira Fast Startup, ya shigo tun Windows 8 a 2012 kuma a kunne yake zuwa. In ka danna "Shut down" ba kashewa ta gaske ake yi ba, ana fitar da masu akawun ne sannan a ajiye zuciyar Windows a fayil ɗin hiberfil.sys, gobe in ka kunna a ɗauko ta daga inda ta tsaya don a yi sauri. To tunda ba sabon tashi ba ne, tirigar da ke jiran sabon tashi ba ta jin komai. Shi kuwa "Restart" kashewa yake yi gaba ɗaya ya tashi daga farko, haka ma yankewar wuta, shi ya sa gwajina na ranar farko ya wuce sumul. In kana so ka gani da idonka buɗe Task Manager ka je Performance ka danna CPU ka dubi "Up time", za ka ga kwamfutar da ake kashewa kullum da yamma tana cewa ta yi kwanaki a kunne. Maganin ba wahala, Control Panel, Power Options, "Choose what the power buttons do", ka cire alamar "Turn on fast startup". Ko ka buɗe cmd a matsayin admin ka buga powercfg /h off, wannan har hiberfil.sys ɗin yake gogewa ka samu ƙarin fili. Kwamfutar ta ɗan ƙara nauyin tashi, yaro ya yi ƙorafi, nace kafin ka gama share ƙofar shago ta tashi.

Sai kuma agogo. A cikin tarihi.txt na riƙa ganin wasu layuka da shekarar da ta wuce da daɗewa, tun kafin ma Baffa ya sayi kwamfutar. A kan madabod akwai ƙaramin batir zagayayye kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo da setin BIOS in ba wuta. Na kwamfutocin gwanjo yawanci ya riga ya tsufa kafin su iso hannunmu. Muddin soket na da wuta ba za ka gane ba ko da kwamfutar a kashe take, sai ranar da aka yanke gaba ɗaya, agogo ya koma baya. A ofis mai intanet kullum Windows zai gyara da kanshi, amma a shagon Baffa sai in yaro ya kunna hotspot na wayarshi. To ita tirigar kullum tana da ranar farawa, in agogo ya ce muna shekarun baya, a wajenta ranar farawa ba ta zo ba tukuna, sai ta zauna jira. Banda wannan ma, rasit na fita da kwanan wata na ƙarya, wanda a harkar bashi rigima ce babba. Batir ɗin wajen masu gyaran agogo na saye shi, na canza, na saita lokaci, na duba yankin lokaci yana kan West Central Africa, UTC+01:00, don da yawa daga cikin na gwanjon nan da lokacin Amurka ko Ingila suke zuwa mutane su gyara awa da hannu su bar yankin yadda yake.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Had disk ɗin E: ne a cikin fayil ɗin .bat, amma in akwai filash a jiki lokacin kunnawa sai ta iya kwace E: shi ya koma F:, na shiga diskmgmt.msc, inda ake saita diskoki, na ba shi X: yadda ba mai taɓa shi. Akwatin "Start in" na shafin Actions na cika shi da sunan foldar, ba tare da alamar zance ba, don in ka bar shi fayau aikin daga C:\Windows\System32 yake tashi ya kasa ganin fayilolin da ke kusa da shi. Sannan kar 0x1 ta tsorata ku a "Last Run Result" in robocopy ne umarnin ƙarshe, shi a wajenshi 1 na nufin ya kwafi fayiloli lafiya, 0 na nufin ba sabon abu, sai daga 8 zuwa sama ne matsala. 0x41301 kuma aikin na kan gudu ne, in ta daɗe a haka to ya maƙale, kuma tunda setin asali shi ne kar a tayar da sabo in tsoho bai gama ba, kuma sai ya kwana 3 kafin a kashe shi, na rage wannan zuwa awa ɗaya.

Masu laftof ku kuma naku daban ne, ku duba shafin Conditions. "Start the task only if the computer is on AC power" a cike yake zuwa, da na ƙasanshi mai tsayar da aiki in an koma batir. Inda wuta ba ta ɗaukewa wannan dabara ce ta tattalin caji, a nan kuwa laftof rabin rayuwarta a batir take. Na ga haka a laftof ɗin wata makaranta a Tumfure, lambar da take nunawa 0x800710E0, cire alamun biyun nan kawai na yi.

Yanzu in na yi wa wani irin wannan setin ba na tashi sai na gwada ta hanyar da kwamfutar ke mutuwa a wajen da gaske, ristat daban, "Shut down" a kunna daban, sannan yankewar wuta. Ta ƙarshen ba na zare soket da gangan don diski ba ya son haka, jira nake yi, kuma ba a daɗewa ana jira. Abin da nake dubawa kuma kwanan watan fayil ɗin da ke cikin X: ne, ba abin da Task Scheduler ya rubuta ba. Yaron kanta kuma bayan la'asar yana buɗe tarihi.txt ya ɗauki hoton layin ƙarshe ya turo min ta WhatsApp, in yau ce shikenan.

Abin da ya rage mana shi ne ita kanta kwamfutar. Windows 10 ya daina samun sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma ba ta da ɗan guntun tsaro na TPM 2.0 balle ta ɗauki Windows 11. Na yi wa Baffa maganar sabuwa yace a bari sai an shigo da wake. Kafin nan na danna "Export" a kan aikin na ajiye fayil ɗin XML mai ɗauke da setin aikin tare da na .bat a filash ɗina, ranar da aka sayi wata "Import Task" kawai zan yi, sai in sake ba wa had disk ɗin harafin X: in kashe Fast Startup, don waɗannan biyun ba sa bin XML ɗin.